A bar wa bilicin sunansa

Da wuya a yau ka sami mai sayar da man shafawa, a kasuwar Sabon Gari ta Kano ko a shafukan Instagram da TikTok, da zai amsa cewa man bilicin yake sayarwa. Abin da ke kan teburinsa man gyaran fata ne, ko mai fito da ainihin kalar mutum, ko haɗin oganik da aka ce babu komai a cikinsa sai karas da kurkum da madarar akuya. Masu son burge mai saye da Turanci su ce tonin ne, ko gulowin. Masu shafawar ma haka suke. Tambayi wadda ta sauya kama cikin wata biyu, za ta ce maka hutu ne, ko sanyin ofis, ko kuwa da ma ita fara ce wahala ta rufe ta. Kalmar bilicin ta zama abin gudu ga mai sayarwa da mai saye baki ɗaya, alhali sana'ar kullum haɓaka take yi. Ra'ayina shi ne waɗannan abubuwa biyu a haɗe suke: gudun sunan yana cikin abin da ke raya sana'ar. Saboda haka 'yan jarida da ma'aikatan lafiya da hukumomi bai kamata su taya kasuwa binne kalmar ba, duk da nauyinta a kunne, kuma duk da cewa akwai hujjoji masu ƙarfi a kan amfani da ita waɗanda sai an amsa su.

Kalmar da muka ara, bleach a bakin masu ita, ba a kan fatar mutum aka haife ta ba. Ta masu saƙa ce da masu wanki. Yadin lilin idan ya fito daga masaƙa launinsa toka-toka ne mai duhu, kuma kafin a mai da shi fari sai an jiƙa shi a ruwan toka, a shanya shi a fili rana da raɓa su yi ta dukansa, a tsoma shi a madara mai tsami, a sake maimaitawa har tsawon watanni. Garin Harlem na ƙasar Holan ya yi suna da wannan aiki a ƙarni na 17, har masaƙan Birtaniya kan aika yadinsu can da bazara, ba ya dawowa sai kaka. Daga baya ilimin haɗa sinadarai ya gajarta hanyar. A 1774 Carl Scheele na Suwidin ya gano iskar kulorin, a 1785 Claude Berthollet na Faransa ya nuna tana cire launi daga yadi, aka kuma fara haɗa ruwanta a Javel, a lokacin wani ƙauye a gefen birnin Paris, wanda shi ya sa har gobe a Nijar da sauran ƙasashe renon Faransa javel ake ce wa ruwan wankin nan. A 1799 Charles Tennant na Gilasgo ya mai da shi gari da ake iya ɗurawa a ganga a kai ko'ina, aikin watanni ya koma na kwanaki. A duk wannan tarihi ma'anar ba ta gusa ba: a sa wani abu mai ƙarfi ya cire launin da abu ya zo da shi. Turawa suna da wata kalmar daban ta launin da ya tafi da kansa saboda tsufa, kamar yadda mu ma muke cewa atamfa ta koɗe ko ta zuba. Bilicin kuwa akwai hannu a cikinsa, akwai niyya. A Najeriya ruwan wankin ya tafi da sunayen kamfanoni, Hypo da Jik, sai Bahaushe ya keɓe wa fata kalmar ita kaɗai. Idan aka ce wance tana bilicin, babu mai zaton wanki take yi.

Akwai wani wuri da masana kimiyya suka kai kalmar wanda ya kamata mai karatu ya sani, domin yana nuna nauyinta a wajen masu harshen. Murjanin da ke gina tsaunuka a ƙarƙashin teku halitta ce mai rai, kuma launinsa da mafi yawan abincinsa daga wasu ƙananan tsirrai suke zuwa da ke zaune a cikin jikinsa. Idan ruwan teku ya yi zafi fiye da ƙima na makonni, sai ya fitar da su, ya koma fari fat. Wannan ya faru a tekuna da yawa a 1998, ya kuma afka wa babban tsaunin murjani na gabar Ostireliya a 2016 da 2017. Masana ba su kira abin haske ko kyalli ba, bilicin suka kira shi, saboda farin alama ce ta halittar da ta rasa abin da ke ciyar da ita, wadda in zafin ya daɗe mutuwa za ta yi.

Hujja ta farko da ake kawowa a kan kalmar ta ilimi ce, kuma gaskiya ce a zahirinta. Mayukan nan ba sa aiki irin na ruwan wanki. Kulorin farfasa launin da ke jikin yadi yake yi nan take, su kuwa mayukan hana jiki ƙera launin suke yi. Duhun fata daga wani sinadari yake zuwa mai suna melanin, wanda wasu ƙwayoyin halitta a ƙasan fatar sama suke samarwa, kuma aikinsa tare hasken rana mai cutarwa kafin ya kai ciki. Haidurokwinon da zaiba, wato makuri, suna toshe hanyar da ake bi a ƙera shi. Mayukan sitiroid irin su kulobetasol, waɗanda asalinsu maganin ƙaiƙayi da kumburin fata ne, suna tsuke jijiyoyin jini, su rage aikin ƙwayoyin launin, su sirantar da fatar kanta. To, in ji masu wannan hujja, tunda ba wanke launi ake yi ba, kalmar ƙarya ce. Amsar ita ce kalmomin yau da kullum ba a auna su da ma'aunin ɗakin gwaji, ana auna su ne da ko sun faɗa wa mai ji abin da zai same shi. Wanda ya ji bilicin ya san launin da aka haife shi da shi ne zai tafi, ya san da ƙarfin sinadari ne zai tafi, ya kuma ji a jikinsa cewa akwai haɗari. Duka ukun gaskiya ne. Sai a ɗora kalmomin da suka maye gurbinta a kan wannan ma'auni. Gyara yana nufin akwai abin da ya lalace, alhali baƙar fata ba lalacewa ba ce. Fito da ainihin kala yana nufin duhun datti ne da ya rufe wani farin mutum a ciki. Oganik kuwa yana nufin babu sinadari, alhali babu karas ko kurkum da ke sauya launin mutum cikin kwana goma. Duk haɗin da ya yi wannan saurin, akwai abin da aka zuba masa ba a faɗa ba.

Ya kamata a dubi yadda ake yin haɗin, domin a nan ne sunan yake ɓata. Mai haɗi yana da roba babba da cokali ko muciya. Zai juye man shafawa na gama-gari a ciki, ya matse tub uku ko huɗu na maganin fata da aka yi don a shafa ɗan kaɗan na 'yan kwanaki, ya tsiyaya wasu ruwaye daga ƙananan kwalabe, ya ƙara turare, ya juya har ya haɗe. Daga nan ya ɗura a robobi marasa rubutu, ko masu ɗauke da takardar da ya buga da kansa da hoton ganye. Kwalayen da ke da sunan sinadarin da gargaɗin masana'anta suna kwandon shara. Mai saye ta tafi gida da abin da babu wanda ya san adadin abin da ke cikinsa, har shi mai haɗin. Bayan watanni jiki yakan fara faɗin abin da robar ta ɓoye: gaɓoɓin yatsu da gwiwar hannu da idon sawu su ƙi bin sauran jiki, su tsaya baƙi ƙirin, jijiyoyi kore su bayyana a kumatu, nankarwa mai faɗi, ja, ta tsaga damtse da cinya, ƙuraje da makero su ƙi jin magani, ɗan ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, har likitocin tiyata suna kokawa da fatar da ba ta riƙe zare idan an zo ɗinki bayan haihuwa. Wanda ya daɗe yana shafa sitiroid a duk jiki yana iya kamuwa da hawan jini da ciwon sukari, domin maganin yana ratsa fata ya shiga jini. Haidurokwinon kuma idan an daɗe a kansa yakan juya ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi wanda ya fi na asali duhu, kuma da ƙyar yake fita. Likitocin fata a Afirka ta Kudu sun bayyana wannan ciwo tun 1975, kafin su kuma a 1972 likitoci a Nairobi sun danganta wani ciwon ƙoda da ke kama 'yan mata da mayuka masu zaiba. Ba sabon ilimi ba ne, ya haura shekara hamsin.

Sauya suna don kuɓutar da kaya ba dabarar 'yan tebur ba ce kaɗai, manya ma sun yi. A 2020, lokacin da zanga-zangar kisan George Floyd a Amurka ta sa kamfanoni duba yadda suke tallata farar fata, Unilever ya sauya wa mansa Fair & Lovely, wanda yake sayarwa a Indiya tun 1975, suna zuwa Glow & Lovely, L'Oréal kuma ya ce zai cire kalmomin fari da haske daga jikin kayansa. Adalci ne a faɗi cewa waɗannan mayuka ba su cikin masu zaiba ko sitiroid, kuma Johnson & Johnson ya ɗauki matakin da ya fi wannan, ya daina sayar da wasu mayukansa na hasken fata gaba ɗaya. Amma a wajen masu sauya suna, kwalba tana nan a kanta, mai saye ya san abin da yake nema a cikinta, abin da ya tafi kawai shi ne kalmar da ke jawo zargi. Afirka ta Kudu ta riga kowa gwada wannan hanya ta fuskar doka. A 1990 ta haramta haidurokwinon a kayan kwalliya, ta kuma hana kamfanoni rubuta cewa kayansu suna bilicin ko suna sa fari ko haske. Niyyar mai kyau ce, don a daina yi wa baƙar fata tallan raina kanta. Sai dai kasuwar ba ta mutu ba, ta koyi magana da ishara ne, ta koma cewa tana daidaita launi, tana cire tabo. Darasin da ke nan shi ne hana mai sayarwa yin alfahari da kalmar abu ne daban, barin jama'a su manta da ita kuma abu ne daban. Na farkon yana da amfani, na biyun kuwa kyauta ce aka miƙa wa mai haɗi.

Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce ta tausayi, kuma ba a yi mata adalci idan aka wuce ta da sauri. Kalmar bilicin a bakin mutane ta zama zagi, kuma a kan mata take sauka. Ana ce wa mace 'yar bilicin a gidan biki, a yi mata dariya a bayan ido, a nuna yatsunta. Wadda aka kunyata haka ba za ta je asibiti ta faɗi gaskiyar abin da take shafawa ba, sai ta ce wa likita basilin ne kawai, shi kuma ya yi ta lalube. Sannan su wane ne masu dariyar? Al'ummar da ke yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata, wadda samarinta ke cewa fara ko mayya ce, wadda masu shirya finafinanta suka daɗe suna fifita fara a matsayin jaruma, wadda ake jera mayukan nan a cikin akwatin lefe, ita ce dai ke juyowa ta yi wa mai shafawa tsiya idan fatar ta ɓaci. An kafa mata sharaɗi, ta cika, an kuma hukunta ta a kan cikawar. Maza ma suna shafawa, ba kaɗan ba, amma ba a cika jin ana yi musu gori ba. Duk wannan gaskiya ne. Abin da bai biyo baya ba shi ne cewa maganin shi ne a jefar da kalmar. Laifin yana wurin da aka ɗora ta. An ɗauke ta daga kan kwalba an liƙa wa mutum, ga shi kuma mai haɗi, wanda shi ya fi cancanta da ita, yana yawo da sunan mai gyaran fata, har ana gayyatarsa rediyo ya ba da shawara. Ma'aikaciyar jinya tana iya tambayar mara lafiya cikin mutunci, ba tare da ɗaga murya ba, ko man da take shafawa yana sa haske, ta kuma gaya mata cewa wannan man na bilicin ne, kada ta daina shi rana ɗaya idan mai sitiroid ne, domin dainawa kwatsam tana da nata haɗarin, a rage shi a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Kalmar a nan bayani ce, ba gori ba. Wadda aka ɓoye mata sunan abin da ke hannunta ba a tausaya mata ba, an dai hana ta sanin da za ta yanke shawara da shi. Wannan ne ma amsar masu cewa jikinta ne, zaɓinta ne: zaɓi yana tabbata ne idan mai zaɓen ya san abin da ya zaɓa.

Wanda ke son kalma ta riƙe ƙarfinta kuma dole ya kiyaye ta daga ƙari. Akwai adadin da ake yawan maimaitawa, cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna bilicin, ana jingina shi ga Hukumar Lafiya ta Duniya. Hukumar ta ambace shi a wata takarda ta 2011, amma tushensa wani bincike ne da aka wallafa a 2002 a kan 'yan kasuwa 450 a Legas, maza da mata. 'Yan kasuwar Legas ba su ne matan Najeriya ba, kuma duk macen da ta waiwaya ta ƙirga 'yan uwanta ta ga lissafin bai hau ba, za ta fara shakkar sauran gargaɗin ma. Haka nan ba duk abin da ya taɓa launin fata ne bilicin ba. Likitan fata yana rubuta haidurokwinon ga mai tabon duhu irin wanda ciki ke bari a fuska, a shafa a kan tabon kaɗai na ƙayyadadden lokaci, sannan a tsaya. Dilka da halawa da ake yi wa amare, waɗanda suka zo mana ta hanyar Sudan da Barno, aikinsu na asali goge matacciyar fata da cire gashi ne, muddin ba a zuba musu tub a ɓoye ba, wanda wasu masu gyaran jiki suke yi yanzu. Idan aka kira komai bilicin, mai haɗi ya sami mafaka a cikin taron.

Masu kishin harshe kuma sukan ce me ya sa za a dage a kan kalmar aro. Wannan ba ya buƙatar dogon zance. Kalmar ta zauna, ta ɗauki sigar Hausa, tsohuwa a ƙauye ta san ta, kuma kowace al'umma da abin ya shafa ta samo masa suna mai kaifi, kamar yadda Wolof na Senegal suke da hesal, mutanen Mali kuma ca-co. Shafe-shafe da wasu ke amfani da ita tana da kyau, sai dai ta yi laushi, tana iya ɗaukar hoda da jan baki.

Abin mamaki shi ne doka ba ta jin kunyar kalmar. Ƙa'idojin NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, da suka haramta zaiba da sitiroid a kayan kwalliya, suka kuma taƙaita haidurokwinon, da sunan hana sinadaran bilicin aka yi su, kuma a 2023 shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana al'amarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Kodebuwa ta kafa nata haramcin a 2015, Gana a 2016, Ruwanda ta bi kasuwanni tana kwashe kaya daga ƙarshen 2018, Kamaru ta biyo baya a 2022. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya da Nijar duka suke ciki, ta fara da ƙayyade zaiba a kayan shafawa, a taron 2023 kuma aka amince a hana ta gaba ɗaya daga ƙarshen 2025. Dokoki dai ga su nan. Giɓin yana tsakanin harshen doka da harshen kasuwa, domin jami'in da aka aika ya kama man bilicin zai tarar da robobi ɗari babu ɗaya da ta amsa sunan. Ana iya rage giɓin da abubuwan da ba su fi ƙarfin hukuma ba. Duk haɗin da babu jerin abin da ke cikinsa da lambar rajista a ɗauke shi haramtacce tun kafin a kai shi gwaji. Idan an gwada kaya an sami sinadarin da aka hana, a sanar da sunansa da hotonsa da Hausa a rediyo, a ce man bilicin ne. Gidajen rediyo da talabijin su ƙi karɓar tallan da ya yi alkawarin sauya launi ko da wane laƙabi ya zo. Masu kemis kuma su daina miƙa tub ɗin kulobetasol dozin-dozin ga wanda ba shi da takardar likita, tunda kowa ya san ba ƙaiƙayi ne zai cinye dozin ba.

Inda sunan ya fi muhimmanci shi ne wajen yara. A 2025 BBC ta ba da labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin waɗannan mayuka har suka sami ƙuna da tabo, saboda tana ganin a cikin dangi an fi nuna so ga yara masu haske. Fatar yaro ta fi ta babba sirantaka, kuma jikinsa ƙarami ne, don haka abin da ya ratsa ya shiga jininsa ya fi yi masa yawa. Uwa kaɗan ce za ta shiga kasuwa ta ce a ba ta man bilicin na jarirai. Amma man yara mai sa kyalli da laushin fata, a roba mai hoton jariri yana dariya, wannan ana sayensa kullum, har a kai shi gidan suna a matsayin gudummawa.